Ambaliyar Rikkos ta 2012: ina ƙasar Jos da takinta suka tafi?

A daren Lahadi 22 ga Yulin 2012, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, aka tafka mamakon ruwan sama na tsawon sa'o'i a Jos. Rahotannin lokacin sun ce madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo rafi ya afka wa gidajen da ke gaɓa a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Fiye da mutum 35 suka rasu, gidaje kusan 200 suka rushe ko ruwa ya shanye su. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wannan na daga cikin farkon ambaliyar da ta game Najeriya a shekarar, wadda hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) ta ce ta ci rayuka 363, ta kuma raba sama da mutum miliyan biyu da muhallansu.

Lissafin da aka yi shi ne na rayuka da gidaje, kuma shi ya kamata a fara yi. Amma duk wanda ya leƙa rafin washegari ya ga wani abu da bai shiga takardar kowa ba: ruwan ya koma ja wur, ya yi kauri, yana tafe da kara da ganye da leda da tokar bola. Wannan jan launi ƙasar gonakin mutane ce. Tare da ita akwai kabon da tsirrai suka shekara da shekaru suna tarawa, akwai naitrojin da fosfaras, wato N da P ɗin da ake rubutawa a jikin buhun takin zamani, akwai kuma abin da masai da kwatami suka amayar. Nazarin nan bin sawun wannan kaya ne: daga ina ya taso, me ya sa ya tashi a dare guda, a ina kuma ya sauka.

Jos, inda ruwa ke rabuwa

Garin yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere kuma da ke gabas da shi sun kai mita 1,829. Ana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba, ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Tudun nan kamar tsororuwar rufin kwano yake: ruwan da ya sauka a kansa ba ya tsayawa, kowane ɗigo akwai ɓarin da zai bi. Wani ya bi kogin Kaduna, ya ratsa madatsar Shiroro, ya faɗa Neja. Wani ya bi Gongola ya wuce madatsar Dadin Kowa (ta Gombe, ba unguwar da ke Jos ba) da ta Kiri, ya shiga Binuwai a Numan. Wani ya gangara kudu ta Mada da Shemankar da Wase. Rafin Rikkos kuwa cikin Dilimi yake zuba, Dilimi ya ratsa gari ya fita ta jihar Bauchi, ya shiga kogin da ake kira Bunga, wanda can gaba ya zama Jama'are. Shi kuma ya haɗu da kogin Haɗeja a dausayin Haɗeja da Nguru, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi.

Abin lura a nan shi ne, Jos ba ta da na sama da ita. Mai gona a Katagum ko Gashuwa, idan ambaliya ta kwashe masa ƙasa, akwai ranar da za ta kawo masa wata daga tudu. Manomin Lamingo ko Naraguta abin da ruwa ya ɗauke masa ya tafi ke nan. Ƙasar tudun kuma dama ba mai yawan kitse ba ce: tana da tsami, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta kaɗan ne, kuma haƙar kuza da aka fara gadan-gadan a farkon ƙarni na 20 ta birkice sama da murabba'in kilomita 300, ta bar tsibin ƙasa tsirara da ɗaruruwan kududdufai. Shi ya sa masu lambu a bakin Dilimi suka daɗe suna sayen tokar bola daga cikin gari, su haɗa da kashin kaji ko na shanu da takin zamani, kafin kabeji da karas da latas su yi kyan da ake gani a kasuwar Farin Gada. Albarkar ƙasar nan da hannu aka gina ta, da kuɗi, kuma duk a saman take, cikin 'yan santimitoci kaɗan. Nan ne kuwa ruwa ke fara taɓawa.

Me ya sa dare ɗaya ya fi wata guda

Mutum zai ɗauka ruwan da ya ninka na jiya sau biyu zai ninka ɓarnarsa sau biyu. Ba haka lissafin yake ba. Yayyafi da ruwa mai sauƙi ƙasa ke shanye su. Idan ruwa ya sauko da ƙarfin da ya wuce abin da ƙasa ke iya sha, ko ya tarar ta riga ta ƙoshi, kamar yadda take a ƙarshen Yuli, ragowar duk a sama yake gudu. Milimita 50 kacal a kan hekta ɗaya lita 500,000 ce. A Jos kuma akwai fallen dutse, akwai rufin kwano, akwai kwalta da daɓen siminti, waɗanda ko ɗigo ba sa sha. Ruwan ya taru cikin ɗan lokaci, ya kama gangara, kuma ƙarfin ɗaukar kayansa yana hauhawa ninkin ba ninkin da zarar gudunsa ya ƙaru. Ruwan da da rana bai fi ƙarfin ɗaukar ƙura ba, da dare sai ga shi yana mirgina dutse yana cin gindin gaɓa.

Don haka a ƙananan koguna irin Dilimi, kaso mai tsoka na abin da kogi ke fitarwa a shekara a cikin 'yan kwanaki yake fita. An auna irin wannan a wasu ƙasashe. Lokacin guguwar Irene a Amurka a 2011, wani rafi a duwatsun Catskill da ke jihar New York ya fitar da sama da kashi 40 cikin 100 na narkakken kabon da ya saba fitarwa a shekara guda, cikin kwana biyar. Can daji ne mai itatuwa da ganye lulluɓe da ƙasa. Ina ga gangaren da aka huɗe?

Ƙarshen Yuli kuwa mummunan lokaci ne ga gonar Jos. Masara ta sha yuriya zubi na biyu ba da daɗewa ba. Dankalin Turawa na damina ana cikin tononsa, kuma gonar da aka tone dankali ƙasa ce a kwance, a sake, babu saiwar da ke riƙe ta. Lambatun cikin gari sun cika da shara. Masai da yawa a unguwannin gaɓa ruwan ƙasa ya riga ya taso musu har wuya.

Kowane kaya da hanyarsa

Ba tare abubuwan nan ke tafiya ba, kuma bambancin yana da amfani ga mai gona.

Naitrojin shi ne mai saurin ƙafa. Yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitrojin ne, idan ta shiga ƙasa mai laima ƙwayoyin halitta kan juya ta cikin kwanaki zuwa makonni ta koma naitiret. Shi naitiret ba ya manne wa ƙasa, narkewa yake yi ya bi ruwa duk inda ya nufa, ko ta sama zuwa rafi ko ta ƙasa zuwa rijiya. Ido ba ya ganinsa. Ruwa garai-garai na iya ɗauke da shi fiye da miligiram 50 a lita ɗaya, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha saboda jarirai. Idan manomi ya ce ruwa ya wanke masa taki, masara ta yi rawaya bayan marka, wannan yake nufi. In kuma an watsa yuriyar a sama ba a rufe ba, ruwa mai ƙarfi ya sauko a ranar, to ba ta ma jira ta juye ba.

Fosfaras halinsa daban. Jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe tana kama shi ta riƙe gam, har ma tsiro kan sha wuya kafin ya ƙwace rabonsa. Saboda haka ruwa mai sauƙi ba ya iya raba shi da gona. Sai ranar da ƙasar kanta ta tashi. Ambaliya ce motarsa, kuma ya fi yawa a cikin lallausar ƙasar da ruwa ya fi saurin ɗauka, ya bar tsakuwa da yashi. Shi ya sa gonar da ruwa ya bi ta kai takan yi fari-fari, ta yi garas-garas a hannu.

Kabon kuwa ta hanyoyi biyun yake bi. Akwai wanda ake gani: kara, ganye, gawayin ƙunar daji, kashin dabbobi, da baƙar ƙasar da kimanin rabin ruɓaɓɓen abin da ke cikinta kabon ne. Akwai narkakke, wanda ke sa ruwa ya ƙi yin fari ko bayan laka ta kwanta. A ranakun da kogi ke kwance, ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake tsattsafowa, inda ya riga ya tace. Ranar ambaliya ruwan ta saman ƙasa yake bi, ta cikin ganye da juji, sai ya zamana ruwan ya ƙaru, abin da ke cikin kowace lita ma ya ƙaru.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a ga girman abin. A ce ruwa ya share milimita ɗaya tak daga hekta ɗaya, kaurin da mai gonar ba zai ma lura ba. Ƙasa ce mai cika kubik mita 10, wato lita 10,000, nauyinta wajen tan 13. Idan kashi ɗaya cikin 100 nata kabon ne, kilo 130 ya tafi, tare da naitrojin kilo 10 zuwa 13. Buhun yuriya mai kilo 50 naitrojin kilo 23 ke cikinsa. Ke nan milimita ɗaya ta tafi da kimanin rabin buhu, ban da wanda ya narke ya bi ruwa. Kuma wannan rabin buhun ya fi na kasuwa daraja, domin yana tare da abin da ke sa ƙasa riƙe laima. Yuriya ana sayenta gobe. Milimitar ƙasa kuwa shekaru da dama take ɗauka kafin ta samu.

Kason cikin gari shi ne mafi muni, ko da bai kai na gona nauyi ba. Abin da ya fito daga masai da kwata da mahauta ɗanyen abinci ne ga ƙwayoyin halitta, suna cinsa nan take suna zuƙe iskar oksijin da ke cikin ruwa. Tokar bola kuma, wadda a kan kunya magani ce ga tsamin ƙasa, tana ɗauke da ɓurɓushin dalma da wasu ƙarafa daga batir da gwangwani da aka ƙona tare da shara. A lambu a wuri ɗaya suke zaune. Ambaliya ta raba su ga kowa.

Inda kayan ke sauka

Zangon farko a cikin Jos ɗin ne. Duk inda ruwa ya rage gudu, nan yake ajiye abin da ya fi masa nauyi: bayan madatsa, cikin kududdufin kuza, kan fadamar bakin Dilimi. Madatsar da laka ta kwanta a cikinta ta rage cin ruwa, don haka wani ruwan mai ƙarfi zai fi saurin cika ta. Wannan zagaye ne da ke ciyar da kansa, kuma a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata: ana maganar yashe madatsa a matsayin batun ruwan famfo, alhali batun ambaliya ne tun daga tushe.

Abin da ke faruwa a ƙasan kududdufi ya cancanci a tsaya a kansa. Ganye da laka sun nutse, ƙwayoyin halitta sun cinye oksijin ɗin da ke can. Daga nan ruɓewar ta sauya salo, ta fara fitar da iskar metan, irin wadda ake tara wa girki daga kashin shanu, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 a tsawon shekara ɗari. Rashin oksijin ɗin kuma yana sa sinadarin ƙarfe ya saki fosfaras ɗin da ya riƙe. Sai a wayi gari da rani, watanni bayan kowa ya manta da ambaliya, kududdufi ya yi kore shar da gansakuka da kainuwa, kifi na tasowa sama neman iska. Ruwa ba ya tsami banza. Daga irin waɗannan kududdufai ne masu noman rani ke jan ruwa da inji, wanda hakan ke mayar da wani kaso na takin gona. Riba ce, amma ƙarama, kuma ba lalle ta koma wa wanda ya yi asarar ba.

Lallausar laka da narkakken kaya su ne masu dogon zango. Jama'are ya bambanta da ɗan'uwansa Haɗeja, wanda madatsun Tiga da Challawa suka daidaita wa tafiya. Madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganarta ba a kammala ta ba, saboda haka ambaliyar Jama'are na isa dausayi da ƙarfinta da lakarta. Ga mutanen can wannan arziki ne: shinkafar fadama, kiwon rani, kamun kifi, da noman da ake yi bayan ruwa ya janye duk a kan wannan ambaliya suka dogara. Dausayin kuma yana aikin tacewa, domin a cikin taɓon da babu oksijin wasu ƙwayoyin halitta na mayar da naitiret iska ya koma sama. Sai dai inda ruwa ya daina janyewa, laka ta toshe hanya, kacalla ce ke cin moriyar takin. Yaɗuwarta a yankin Haɗeja da Nguru ta fi alaƙa da sauyin da madatsu suka kawo wa tafiyar ruwa, amma laka mai taki ba abin da take yi mata sai ƙarin ƙarfi.

Shin kabon da ya bar Jos asara ce ga sararin sama ko ajiya? Ya danganta da inda ya kwana. Wanda laka ta binne da zurfi a fadama ko bayan madatsa na iya zama a nan shekaru aru-aru. Wanda ya narke, rana da ƙwayoyin halitta kan ci mafi yawansa a hanya, ya fita a matsayin iska. A duniya baki ɗaya koguna na kai kusan tan biliyan ɗaya na kabon teku kowace shekara, abin da koguna da tafkuna ke fitarwa sama kuma ya fi haka. Na Dilimi kuwa ba zai taɓa ganin teku ba, domin Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa can. Wani abin sha'awa: ƙurar hunturu da ke rufe Jos a Disamba da Janairu, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafkin, kuma tana ɗauke da fosfaras. Tudun na aikawa ta ruwa, yana karɓar ɗan canji ta iska. Cinikin dai bai zo daidai ba.

Fari ma yana da hannu

Ba ruwa mai yawa kaɗai ke motsa kayan nan ba. Dogon rani na tara su. Daga Nuwamba zuwa Maris ganye ya bushe, an ƙone daji, dabbobi sun tattake gaɓa, shara ta taru a lambatu. Busasshiyar ƙasa idan ta jiƙe karon farko, ƙwayoyin halittar cikinta kan farka gaba ɗaya su saki iskar kabon da naitiret da yawa cikin 'yan kwanaki, abin da wani masani mai suna Birch ya bayyana a Gabashin Afirka a shekarun 1950. Manoma sun riga shi sani a aikace, shi ya sa ake rububin shuka da ruwan farko. Idan ruwan farkon ya zo a hankali, shuka ta amfana. Idan ya zo da hauka a kan ƙasa tsirara, rafi ya amfana. Mafi munin haɗi shi ne damina ta yi jinkiri ko ta ɗauke na makonni, sannan ta dawo da mamako. Iska kuwa duk digiri ɗaya da ta ƙara zafi tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100, wanda ke nufin ruwa mai saukowa a dunƙule zai ƙaru, ko da jimillar shekara ba ta sauya sosai ba.

Abin da ke hannun mutane

Babu kunyar da za ta tare irin ruwan daren 22 ga Yuli, kuma gidan da aka gina a kan hanyar ruwa babu dabarar noma da za ta cece shi. Amma yawan kayan da ruwan ya tarar a shirye, wannan aikin mutane ne. Kunya a gicciye da gangara maimakon a miƙe, shingen ƙerana da jerin duwatsu irin na mutanen tudun tun kaka da kakanni, barin ciyawa 'yan mitoci a bakin rafi maimakon noma har cikin ruwa, barin karan masara a gona maimakon ƙonawa, raba yuriya kashi-kashi a binne ta maimakon watsawa rana guda: duk sanannun abubuwa ne. Matsalar ita ce mai lambun haya, wanda bai da tabbacin filin zai kai baɗi a hannunsa, ba shi da dalilin barin mita uku mafi laima ga ciyawa. Wanda zai ci ribar wannan ciyawa yana Gangare ko yana Katagum. Muddin ba a sami hanyar da za a rage masa asarar ba, wa'azi kawai ake yi masa.

Ga masu bincike a Jami'ar Jos da hukumomin ruwa kuma akwai batun lokacin awo. Wanda ya ɗebi ruwan Dilimi a kwalba sau ɗaya a wata, da hantsi, ranar da hanya ta yi kyau, zai sami hoton kogi mai ladabi, kuma lissafinsa na shekara zai gaza nesa ba kusa ba. Laka da fosfaras sun fi yawa a sa'o'in da ruwa ke hauhawa, kafin ya kai ƙololuwa, a ƙaramin rafi kuma wannan kan zo ya wuce cikin sa'a biyu ko uku, sau da yawa da yamma ko cikin dare. Ana buƙatar ma'aunin tsayin ruwa a gindin gada, da na'urar da ke ɗiban samfuri da kanta idan ruwa ya kai wani mataki, ɗaya a sama da gari wajen Lamingo, ɗaya a ƙasa bayan Farin Gada, don a raba abin da gona ta bayar da abin da gari ya zuba.